Waɗanda aka zura wa ƙarfe ba tare da an farke ƙafa ba, ku zo mu ji

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya faɗi da babur, ƙashin cinya ya karye. Likita ya ce za a zura masa ƙarfe ta cikin ɓargo, ta ɗan yanka a wajen ƙugu. Baba kuma ya dage sai dai a kai shi wajen mai ɗori. Wanda aka taɓa yi wa, don Allah ya ba mu haske.

Ɗan Sahu: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Irinsa aka yi mini a Asibitin Ƙashi na Dala. Allurar baya suka yi, ina jin ƙarar guduma amma ba zafi. Tabo uku ne, babban bai kai tsawon yatsa ba, sauran biyun inda suka ɗaure noti ne. Kafin a sallame ni har na fara takawa da sanduna. Gashin ƙashi ne ya fi ba ni wuya, lanƙwasa gwiwar nan sai da na yi hawaye.

Maman Ilham: 'Yata ce ta faɗo daga bishiyar mangwaro ta karye a gwiwar hannu. Siraran wayoyi biyu aka soka mata ta fata, suna kallo a na'urar hoto, aka ɗora filasta. Bayan kamar wata guda aka zare su, ko ɗinki babu.

Malam Nas: Yaya, cinya ba hannun yaro ba ce. Naman wurin yana da ƙarfi, shi ke janye ƙashin ya hau kan juna, kara da tsumma ba sa riƙe shi. Nakan ga masu dawowa da ƙafa ta gajarce. Aikin kuma ba sabo ba ne, tun 1939 wani likitan Jamus, Küntscher, ya fara shi. Amfanin rashin buɗe karayar shi ne jinin da ya taru a wurin, wanda ke haɗa ƙashi, ba a taɓa shi.

Hajiyar Zinder: Nawa a ƙwauri ne. Ya haɗu lafiya, sai dai gwiwar takan yi tsami idan na daɗe a zaman tahiya. Ɗana, ku tambayi kuɗin ƙarfen tun yanzu, daban yake da na tiyata.

Abban Sadik: Na gode ƙwarai. Hajiya, an cire miki naki ne, ko yana nan? Abin da Baba zai fara tambaya ke nan.