Shisshigi ko haƙƙi: muhawara kan takarar Dean Barkley a zaɓen sanata na Minnesota

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wannan ne karo na uku da nake kawo maganar nan, domin sau biyu na rubuta ba wanda ya tanka mini, alhali wasu kan kawo abin da bai kai ta nauyi ba, kafin la'asar an cika musu amsa. Jiya ma wani abokin aikina ya kafe cewa yawan 'yan takara alheri ne a kowane hali, na ba shi misalin da zan ba ku yanzu, ya ƙi saurare ya yi tafiyarsa, abin ya tsaya mini a rai.

A Amurka kowace jiha sanata biyu gare ta, kuma jama'ar jihar baki ɗaya ke zaɓen kowannensu, ba a yanka ta shiyya uku kamar yadda ake yi a Nijeriya. Ranar 4 ga Nuwamba 2008 aka yi zaɓen ɗaya daga cikin kujerun jihar Minnesota. Norm Coleman na jam'iyyar Rifablikan ne ke kan kujerar, Al Franken na Dimokurat yana neman kawar da shi, sai ga Dean Barkley, ɗan indifenda, ya shigo tsakani. Da aka gama ƙidaya da sake ƙidaya da shari'a, Franken ya tashi da ƙuri'a 1,212,629, Coleman 1,212,317, Barkley kuma 437,505. Tazarar 312 ce kacal. Ba a rantsar da Franken ba sai 7 ga Yuli 2009, wato wata shida cur jihar tana da sanata ɗaya tilo, Amy Klobuchar. Shisshigin Barkley ne ya jawo wannan, kuma abin da nake cewa shi ne duk jihar da ba ta yin zagaye na biyu tana cutar kanta, tunda kusan kashi 58 cikin ɗari na masu zaɓe ba su zaɓi wanda aka rantsar ba. Shin bai kamata a tilasta zagaye na biyu a irin wannan hali ba?

Ɗan Talakawa: Wa alaikumus salam. Yallaɓai, kafin mu je ko'ina ina roƙonka ka janye kalmar shisshigi. Shisshigi shi ne mutum ya tsoma baki a abin da ba nasa ba. Kujerar sanata kuwa ba gadon gidan Coleman ba ce, ba ta gidan Franken ba ce, ta mutanen Minnesota ce, kuma Barkley ɗayansu ne. Ya cika sharuɗɗan doka, an buga sunansa a takardar ƙuri'a, kashi 15 cikin ɗari suka zaɓe shi da hankalinsu. Irin wannan kalma ce manyan jam'iyyu ke so ta zauna a bakin mutane, domin talaka ya ɗauka cewa ƙofa biyu kaɗai gare shi.

Baban Yara: Ba zan janye ba, ƙanena. Wanda ya san ba zai ci ba, kuma ya san shigarsa za ta dagula wa wasu lissafi, ya shiga sharo ba shanu, kuma sunan wannan shisshigi.

Ɗan Talakawa: Wanda ya zo da ƙuri'a sama da dubu 437 ba za a ce ya zo ba shanu ba, Yallaɓai. Kuma wa ya gaya maka ya san ba zai ci ba? A wannan jihar dai, shekara goma kafin nan, Jesse Ventura ya ci kujerar gwamna da kashi 37 cikin ɗari a ƙarƙashin jam'iyyar Reform, ya kayar da Coleman ɗin nan da Skip Humphrey na Dimokurat, kuma Barkley ne ya shugabanci yaƙin neman zaɓensa. Mutumin da ya ga haka da idonsa yana da dalilin sa rai.

Ɗalibar Lauya: Ina neman afuwar manya, akwai gyara a rubutun Baba na farko da ya kamata a yi kafin gardama ta yi nisa. Barkley ba ɗan indifenda ba ne. Ɗan indifenda shi ne wanda ya tsaya ba tare da jam'iyya ba, shi kuwa ɗan takarar jam'iyyar Independence ne, wadda a lokacin dokar jihar ta amince da ita a matsayin babbar jam'iyya, kuma sai da ya ci zaɓen fid da gwani a cikinta kafin ya samu tuta. Kamancin sunan ne ke rikita mutane. Wannan bambanci yana da amfani ga kalmar da ake jayayya a kanta, domin wanda jam'iyya mai rajista ta tsayar ta hanyar da doka ta tsara, da wuya a kira shi mai shisshigi.

Mai Lissafi: 'Yar'uwa, gyaranki daidai ne a takarda, amma mai karatu ya fahimci abin da Baban Yara ke nufi. A Hausar siyasa duk wanda ba ya cikin manyan biyun nan, mutane kan kira shi indifenda, ba su tsaya duba rajistarsa ba.

Ɗalibar Lauya: Yaya, ban yarda ba. Idan kuskure ya yawaita a baki ba ya zama daidai a rubuce. Sanata Bernie Sanders na jihar Vermont ɗan indifenda ne na gaskiya. Idan muka haɗa shi da Barkley a suna ɗaya, mun ɓata wa mai karatu fahimtar tsarin gaba ɗaya.

Mai Lissafi: Na lura duk lokacin da na yi magana a zauren nan sai kin nemo inda za ki ce ba ki yarda ba, ko a makon jiya haka kika yi. Ba gyara kike nema ba, so kike a san kina karatun shari'a.

Ɗalibar Lauya: Allah ya huci zuciyarka, Yaya. Ba da kai nake ba, da kalmar nake, kuma zan yi wa kowa wannan gyara.

Tsohon Malami: 'Ya'yana, ku sassauta. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne har yanzu ba wanda ya ambaci cewa Barkley ya taɓa zama a kan wannan kujerar. Ranar 25 ga Oktoba 2002 Sanata Paul Wellstone ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da garin Eveleth, tare da matarsa da 'yarsa, saura kwana goma sha ɗaya zaɓe. Gwamna Ventura, wanda ya ji haushin yadda taron juyayin marigayin ya rikiɗe ya koma gangamin siyasa, ya naɗa Barkley ya ƙarasa wa'adin, ya riƙe kujerar daga farkon Nuwamba har 3 ga Janairu 2003, lokacin da Coleman ya karɓa bayan ya kayar da tsohon mataimakin shugaban ƙasa Walter Mondale. Kafin nan ma Barkley ya nemi sanata a 1994 da 1996. To, mutumin da ya riga duka abokan takararsa zama a majalisar, ta yaya neman komawarsa zai zama shisshigi?

Akwai kuma abin da ya fi wannan, wanda nake so matasanmu su riƙe. Jam'iyyar da Franken ya tsaya a cikinta ba Dimokurat zalla ake kiran ta a Minnesota ba, DFL ce, domin a 1944 ne Dimokurat ta haɗe da jam'iyyar Manoma da 'Yan Ƙwadago. Ita jam'iyyar Manoma da 'Yan Ƙwadago jam'iyya ta uku ce a asalinta, kuma ta yi ƙarfin da ta aika Henrik Shipstead majalisar dattawa a zaɓen 1922, ta kuma ba jihar gwamna, Floyd Olson, daga 1931 har rasuwarsa a 1936. A wancan zamani su ne suka fi Dimokurat ƙarfi a jihar. Duk wanda ya kira jam'iyya ta uku bare a siyasar Minnesota bai duba tushen gidan da Franken ya fito ba.

Baban Yara: Malam, ina girmama iliminka, amma sanatan naɗi na wata biyu ba sanata ba ne a wurina. Amininsa ne ya ba shi, ba jama'a ba.

Tsohon Malami: Doka ce ta ba gwamna ikon cike gurbin, Baban Yara, kuma an rantsar da shi kamar kowa, ya kaɗa ƙuri'a a zauren kamar kowa. Kana iya ƙin yadda ya samu, amma ba ka da ikon cire masa sunan.

Ɗan Talakawa: Idan ana maganar wanda ya shiga gidan da ba nasa ba, a fara da Coleman. Yana magajin garin St. Paul a ƙarƙashin DFL ya sauya sheƙa zuwa Rifablikan a 1996. Shi ba a kira shi mai shisshigi ba, sai wanda ya tsaya a wuri ɗaya shekara da shekaru.

Mai Lissafi: Sauya sheƙa ba laifi ba ne, kuma Coleman ya sake cin zaɓen magajin gari bayan ya sauya. Ni ra'ayina a fili yake, Coleman aka cuta. A daren zaɓe yana gaba da ƙuri'a ɗari bakwai da 'yan kai, kafin a fara sake ƙidaya ta koma 215, ranar 5 ga Janairu 2009 kuma aka ce Franken ne a gaba da 225. Sakataren harkokin jihar da ya shugabanci aikin, Mark Ritchie, ɗan DFL ne. Kuma ina da yaƙinin yawancin masu zaɓen Barkley da Coleman za su zaɓa in da bai tsaya ba.

Ɗalibar Lauya: Yaya, wannan yaƙinin yana buƙatar hujja, kuma ba ka kawo ta ba. Ritchie ba shi kaɗai ya yanke hukunci ba, kwamitin tantance sakamakon yana da alƙalai huɗu tare da shi, biyu daga kotun ƙolin jihar. Coleman ya kai ƙara, alƙalai uku suka saurara makonni, suka ba da umarnin buɗe wasu ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya waɗanda aka ƙi karɓa tun farko, tazarar ta ƙaru zuwa 312. Ranar 30 ga Yuni kotun ƙolin jihar ta tabbatar da haka ba tare da saɓanin ko alƙali ɗaya ba, kuma a ranar Coleman da kansa ya amince.

Hajiya Mai Shago: Ni akasin Mai Lissafi nake gani. A wannan rana Barack Obama ya ci Minnesota da kashi 54 cikin ɗari, amma Franken bai kai kashi 42 ba, ya gaza Obama da ƙuri'a sama da dubu 300. Ina waɗannan mutane suka tafi? Da yawansu ba su natsu da ɗan wasan barkwanci irin Franken ya zama sanata ba, suka ba Barkley. Don haka idan akwai wanda shigarsa ta cuta, Franken ne. Kuma ku tuna abin da kujerar ta haifar, da ita ce ɓangaren Dimokurat ya cika sanata 60, adadin da ake buƙata a rufe muhawara a majalisar, kuma da ƙuri'a 60 ɗin nan dokar inshorar lafiya ta wuce a majalisar dattawa ranar 24 ga Disamba 2009. Da shisshigin nan ya ƙara ƙuri'a ɗari uku da 'yan kai, da miliyoyin marasa ƙarfi sun rasa.

Ɗan Talakawa: Hajiya, ke ma kin ɗauki kalmar. Kuma a cikin 60 ɗin da kike yabo akwai Sanders, akwai Joe Lieberman wanda ya faɗi zaɓen fid da gwani na Dimokurat a Connecticut a 2006, ya tsaya a waje da jam'iyyar ya ci. Ranar da kuke buƙatar ƙuri'arsu abokai ne, ranar da suka tsaya takara masu shisshigi ne.

Hajiya Mai Shago: Ɗana, kada ka ce "kuke", ni ba 'yar jam'iyyar kowa ba ce, ina duba wanda abin ya amfana ne.

Mai Kula da Zaure: Dare ya yi, bari in tattara abin da aka cimma. Zaure ya gamsu cewa kalmar shisshigi ba ta dace da Barkley ba, domin Malam ya nuna tsohon sanata ne kuma jam'iyya ta uku tana da tsohon tushe a jihar, 'yar'uwarmu ɗaliba ta nuna jam'iyya mai rajista ce ta tsayar da shi, Ɗan Talakawa kuma ya yi bayani mai gamsarwa wanda ba wanda ya iya rushe shi. Mai Lissafi da Hajiya kowanne ya ja ƙuri'un Barkley zuwa ga gwaninsa, wanda hakan kaɗai ya isa shaida cewa ƙuri'un na Barkley ne. Abin da ya rage shi ne Baban Yara ya janye kalmarsa.

Mai Lissafi: Shugaba, ba zaure ne ya gamsu ba, kai ne ka gamsu. Mu uku ba mu yarda ba, kuma ba ka ambaci maganar sauyawar alƙaluma da na kawo ba.

Baban Yara: Ban janye ba, kuma har yanzu ba wanda ya amsa tambayata. A wannan shekarar ta 2008, a jihar Jojiya, Sanata Saxby Chambliss na Rifablikan ya gaza kai rabin ƙuri'u da kaɗan saboda ɗan takarar jam'iyyar Libertarian ya ɗebi kashi uku da ɗoriya. Dokarsu ta ce a koma zagaye na biyu, aka koma ranar 2 ga Disamba, Chambliss ya kayar da Jim Martin na Dimokurat da kashi 57, magana ta ƙare cikin wata ɗaya. Wannan na tambaya tun da safe, ko ya kamata Minnesota ta yi haka.

Ɗalibar Lauya: Baba, a wancan zagaye na biyu na Jojiya masu fitowa zaɓe sun ragu da sama da mutum miliyan ɗaya. Gobe in Allah ya kai mu zan kawo bayanin zaɓen jera gwani bisa fifiko, wanda birnin Minneapolis ya fara amfani da shi a 2009, idan Shugaba bai rufe zaren ba.