Libarbar mazan jiya da kafin alƙalamina

Ɗan Wunti: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake, ku ba ni shawara. Wani dillalin tsofaffin kaya a nan Bauchi ya nuna min hoton libarba a waya, ya ce ta mazan jiya ce, wani tsoho ne ya dawo da ita daga yaƙin Boma (ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu), magada suna son rabuwa da ita da araha. Ni mai son kayan tarihi ne, ina da tsofaffin kwabbai masu huji da takobi. Na ba shi kafin alƙalami naira 30,000. Da na je na gan ta ido da ido, an datse bakinta, an goge bayan gangar da harsashi ke shiga, ƙotar ma wani katako ne aka sassaƙa aka ɗaura. Na ce na fasa. Yau sati uku ya hana ni kuɗina, wai ciniki ya faɗa. Wannan ba zalunci ba ne?

Mai Goro: Wa alaikumus salam. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ɗan'uwa. Kai ma ka yi cinikin biri a sama.

Malamin Tarihi: Kafin a je ga kuɗi, kalmar nan ta "mazan jiya" ba ta zauna ba. Kakanninmu da suka je Boma a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma doguwar bindiga Lee-Enfield mai harsashi .303 suka riƙe, da adda. Libarba makamin hafsa ce, hafsoshin kuwa kusan dukansu Turawan Ingila ne. Tun daga nan ya kamata ka san labarin dillalin da rauni.

Jikan Saje: Malam, da girmanka, ka janye wannan magana. Kakana saje ne, ya je Boma ya dawo, har ya rasu yana ba mu labarin dajin Arakan da ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Yanzu kana nufin su 'yan ɗaukar kaya ne kawai, Bature ne namijin?

Malamin Tarihi: Ban ce haka ba. Na ce libarba ta hafsa ce. Su ne suka yi yaƙin, shi ya sa har yau akwai barikin Arakan a Legas. Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan, ta 82 ta bi baya a 1944. Ni da nake koyar da wannan a aji ba zan raina su ba.

Jikan Saje: Kai a littafi ka karanta, ni a kan tabarmarsa na ji. Akwai hotonsa da ɗamara a kugu.

Malamin Tarihi: Ɗamara daban, libarba daban. Sako hoton mu gani.

Jikan Saje: Yana wurin gwaggona a ƙauye. Kuma ba sai na kawo maka shaida a kan kakana ba.

Hamma na Gombe: Ni abin da ke damuna, da an ce mazan jiya sai kowa ya kalli Boma. Waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 fa? Baffana ya bar ƙafa ɗaya a can. Shi ba namijin jiya ba ne?

Jikan Saje: Hamma, Allah ya ji ƙan baffa, amma asalin kalmar ta 'yan Boma ce. Na baya tsofaffin sojoji ake ce musu.

Hamma na Gombe: Wa ya yanke wannan hukunci? Ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da su kowace shekara, ai ranar ƙarshen yaƙin basasa ce, kuma rediyo ranar tunawa da mazan jiya yake cewa. Ku mutanen Bauchi komai sai kun ce naku ne na asali. In aikin soja ne, ku zo ƙasar Tangale da Waja ku ga gidajen da suka ba da 'ya'yansu.

Mai Goro: A lokacin Boma ina Gombe take in ba a lardin Bauchi ba? Sai 1996 kuka samu jiha, yanzu har tarihin ma za ku raba da mu?

Hamma na Gombe: Lardi na Bature ne. Masarautar Gombe tun zamanin Buba Yero take, tutarsa daban da ta Yakubun Bauchi.

Mai Walda: Ku yi haƙuri in koma kan ƙarfen, don abin da Ɗan Wunti ya bayyana ya tayar min da hankali. Yaya, irin wadda ke karyewa biyu daga sama ce, ta tofar da kwanso?

Ɗan Wunti: Ita ce, har da zobe a gindin ƙota.

Mai Walda: To alama Webley ce, ko ƙanwarta Enfield. Babbar Webley ɗin, wadda sojan Ingila suka karɓa a 1915, harsashinta .455 ne, mai sanyin ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an sayar da su birjik a Amurka, 'yan kasuwa suka riƙa goge bayan gangar don ta ɗauki harsashin can, wanda ƙarfinsa ya wuce abin da aka ƙera ta dominsa. Ƙarfen da ya haura shekara ɗari, aka rage masa nama, aka ƙara masa nauyi, a hannun mai shi yake fashewa. Ni da nake aikin ƙarfe kullum ba zan tsaya kusa da ita ba. Kuma mai tara kayan tarihi ba ya kallon wadda aka taɓa, darajarta ta tafi da abin da aka goge. Shi ya sa ta yi araha.

Jikan Saje: Ka ji ko, Malam? Sojan Ingila. Kakana kakin wa ya sa in ba nasu ba?

Malamin Tarihi: Ya ce sojan Ingila, bai ce kowane soja ba.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, shekara 35 na yi a aikin ɗan sanda, ku saurare ni. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol a sahun haramtattun makamai, lasinsu sai da sa hannun shugaban ƙasa. Ba kamar bindigar toka ta maharba ba, wadda kwamishinan 'yan sanda ke iya ba da izini. Dokar ba ta tambayar ko ta tsufa ko ta yi tsatsa, kuma hukuncin ɗaurin aƙalla shekara 10 ne. Ɗan Wunti, Allah ne ya so ka da ka fasa. Kada ka koma wurin nan kai kaɗai. Magadan kuma, in da gaske akwai su, su miƙa ta ga hukuma.

Hamma na Gombe: Baba, ranka ya daɗe, kai ka raba mu. 'Yan yaƙin basasa mazan jiya ne ko a'a?

Baba Mai Ritaya: Ni maganar kurkuku nake yi muku.

Ɗan Wunti: Jama'a, kuɗina fa? Mutum ya ɓoye aibin kaya, ya riƙe kafin alƙalami. Ba wanda ya ce min ko ina da haƙƙi.

Mai Goro: Wace kotu za ka je ka ce bindiga ka je saye?

Jikan Saje: Ni dai har yanzu Malam bai janye ba.

Shugaban Zaure: Dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: mafi yawa sun yarda cewa mazan jiya na asali su ne 'yan Boma, kuma babu wanda ya isa ya ce ba su riƙe kowane irin makami ba. Ni ma mahaifin mahaifiyata da su aka je, na san abin da nake faɗa. Malamin Tarihi ya kawo bayani amma bai kawo hujjar da ta ture shaidar jika ba, ya kamata ya nemi afuwa. Maganar Gombe da Bauchi ba mu muka fara ta ba, Hamma ya kiyaye. Mun gode wa Baba da Mai Walda. Ɗan Wunti, ka samu dattijan unguwar dillalin su sa baki. Jikan Saje, in ka je ƙauye ka ɗauko mana hoton.