Allon zamiyar ƙanƙara: mai santimita 159 ko 162 zan saya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Riyad, kuma ina shirin zuwa Gudauri a ƙasar Jojiya cikin watan Fabrairu. Can nake so in bar hanyoyin da injin ya daddaɓe, in shiga gangaren duwatsun Kokasas inda ƙanƙara ke jibge kamar gari.

Da allon haya na saba, a Ski Dubai (wurin zamiyar ƙanƙara na cikin gini a Dubai) da wuraren da aka gyara. Irinsa gajere ne mai laushi, da na ƙara gudu sai hancin ya riƙa karkarwa, idan ƙanƙara ta yi zurfi kuma ya nutse, cinyar baya ta ɗau zafi.

Hankalina ya kwanta da allon da ake kira Jones Flagship, saboda hancinsa dogo ne, wutsiyarsa gajeriya, ga tauri. Tsawon ne ya tsaya mini a rai. Nauyina kilo 82, takalmina lamba 45, don haka dole in ɗauki mai faɗi kada yatsuna su riƙa kartar ƙanƙara idan na karkata. Mai santimita 162 zai fi tsayuwa a gudu, amma ina tsoron ya yi mini nauyin juyawa a matsattsen kwari. 159 kuwa, anya zai ɗaga ni a kan ƙanƙara mai zurfi?

A nan ban sami shagon da zan taka in gwada ba, mayar da kaya waje kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Don Allah wanda ya hau ɗaya daga cikinsu da nauyi kusa da nawa, wanne ya fi? Ko in haƙura sai na isa Tibilisi, babban birnin Jojiya, in saya?