Turnuwar marakana a kartiyenmu, ya za mu yi da kuɗin arbitir?

Ɗan Bukoki: Salam 'yan uwa, muna son haɗa turnuwar marakana wannan vakansi, shida-shida ba gola, amma kuɗin arbitir da balo ne suka tsaya muna, kowace ekip ta zuba nawa?

Tsohon Kaftin: Ku amshi kuɗin tun kafin maci na farko, in ka ce sai daga baya wallahi ekip ɗin da aka ci ba ka ƙara ganinta. Kuma arbitir ya fito daga wani kartiye, mu ɗan unguwa muka sa, aka tashi da faɗa kan penaliti.

Na Talaje: Ƙanena damina ce fa, fili na cika da ruwa, ku duba wannan tukun.

Ɗan Bukoki: To yaya, filin lakwal muke roƙo, shi yashi ne.