Aikin wasannin bidiyo har 11 na dare: haka yake ko'ina?

Mai_Gwaji: Assalamu alaikum. Ina aikin gwada wasannin bidiyo a wani kamfani. Tun da aka tsayar da ranar fitar da wasanmu, sai 11 na dare nake tashi, har Asabar, kuma ba a ƙara mini komai a albashi ba. Jiya 'yata ta yi barci tana jirana, abin ya tsaya mini a rai. Haka sana'ar take ko'ina?

Tsohon_Hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Tsohon ciwo ne. A 2004 budurwar wani ma'aikacin kamfanin wasanni na Electronic Arts a Amurka ta fallasa irin wannan, a shekarar kuma aka je kotu, a 2005 kamfanin ya amince ya biya masu zane dala miliyan 15.6. A 2018 wani shugaban kamfanin wasanni na Rockstar da bakinsa ya ambaci aikin awa 100 a mako. Laifin masu tsara jadawali ne, su ke yin alkawarin ranar da ba ta yiwuwa.

Yar_Lissafi: Ɗan'uwa, rubuta awanninka kullum, ka duba takardar ɗaukarka aiki. Masu gwaji a kamfanin wasanni na Raven Software sun kafa ƙungiyar ƙwadago a 2022. Ku nawa ne a sashenku?

Mai_Gwaji: Mu 9 ne, Yaya. Gobe zan tuntuɓe su.