Ta yaya ake gane shekarun ƙasusuwan da aka tono a kogo?

Malamin Bayoloji:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya a aji muna maganar Homo naledi, wani nau'in mutanen dā, wanda aka gano ƙasusuwansa fiye da 1,500 a kogon Rising Star na Afirka ta Kudu a 2013. Na ce wa yara da kabon-14 aka auna shekarunsu. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba kai ka ce awon kabon ba ya wuce shekara 50,000 ba?" Gaskiyarta. Na yi mata alkawarin amsa ranar Litinin, kuma ba na son in saɓa. Wa zai taimaka mini?

Ɗan Jiyoloji:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Kabon-14 wani sinadari ne da ke jikin duk abu mai rai, in abin ya mutu rabinsa ke ƙarewa duk bayan shekara 5,730, shi ya sa tsohon ƙashi sosai ba a samun abin aunawa a cikinsa. A gabashin Afirka akwai sauƙi, domin tokar dutse mai aman wuta ta kwanta hawa-hawa, da ita aka gane Lucy, daɗaɗɗen ƙwarangwal da aka tono a Habasha, ta kai shekara miliyan 3.2. Rising Star babu wannan toka. An bayyana ƙasusuwan a 2015, amma sai 2017 aka iya faɗin shekarunsu.

Ga dabarar. Ruwan da ke ɗiga a kogo yana barin wani ɓawon dutse, a cikinsa akwai ɗan sinadarin yuraniyom da ke rikiɗewa zuwa wani sinadarin mai suna toriyom sannu a hankali, a gudun da aka sani. Ɓawon da ya rufe ƙashi dole ƙashin ya girme shi. Sannan aka auna haƙoransu, don ɓawon haƙori yana tara alamar tururin nukiliya da ƙasar kewayensa ke fitarwa, yawan alamar shi ke nuna daɗewarsa. Da aka haɗa awon, sai aka samu tsakanin shekara 236,000 da 335,000.

Maman Ilham:
Malam, ka gaya musu wannan ma, don shi ya fi burge ni. Ƙwaƙwalwar naledi ƙarama ce ƙwarai, har masana da yawa suka zaci ya kai shekara miliyan biyu. Awo ya nuna ashe zamaninsu ɗaya da mutane irinmu da aka tono ƙasusuwansu a Jebel Irhoud na Maroko, masu kusan shekara 300,000. Kuma kar ka manta da namu na gida: ƙoƙon kan da masanin tona kayan tarihi Thurstan Shaw ya tono a Iwo Eleru kusa da Akure a 1965. Wannan kam kabon ya yi aiki, da gawayin da ke wurin aka fara aunawa.

Malamin Bayoloji:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Iwo Eleru zan fara da shi, don yaran su ji abin kusa da su. Ɗan Jiyoloji, saura tambaya ɗaya kafin Litinin: in ambaliya ta kwaso tsohon ƙashi ta zuba shi cikin sabuwar laka, ta yaya ake gane an yi haka? Na tabbata ita ce za ta fara tambayata.