Shawarwarin malamai kan jan hankalin ɗalibai a aji

Wasu malamai sun tattauna kan yadda za a ja hankalin ɗalibai a aji, bakinsu kuma ya zo ɗaya: kada malami ya cinye darasi da surutu. Ya jefa tambaya, yara su tattauna bibbiyu, sannan su amsa. Ta haka har mai kunya ma yana buɗe baki.

Batun na'ura ne ya jawo gardama. Wasu sun yaba Kahoot, wani wasan tambayoyi da ɗalibai ke amsawa ta waya ko kwamfuta, amma yana buƙatar intanet. Ni manhajar Plickers ta fi kwanta mini: kowane yaro ya ɗaga katinsa na takarda don nuna amsarsa, malami ya haska da wayarsa, nan take ya ga waɗanda ba su gane ba. Inda babu intanet kuwa, an ba da shawarar Kolibri, manhajar karatu da ke aiki ba tare da intanet ba.